Mangwaron Da Ba Shi Da Itace

Ƙwaya bakwai a kwalin ashana.
Tsahiru direba ya zo da su daga Kwatano,
ya miƙo min a bayan tasha yana waige-waige.
Ya ce, "Wannan ba irin ta 'yan bakin kasuwa ba ce.
Gajeruwa ce, kakkaura, ganyenta da faɗi,
in ta nuna ƙamshinta mangwaro ne da gwaiba,
in ta kama mutum sai ta shimfiɗe shi kamar tabarma."
Jika biyu na ba shi.
Kuɗin takin albasa ne.

Garkarmu tana bakin Gulbi, hanyar Tibiri,
inda yashi ke riƙe sanyi bayan ruwa ya wuce.
Na kai su can ƙurya, bayan rijiya,
na sa su tsakiyar rama,
don ganyen rama ɗan uwan nata ne a ido.
Na ce wa kaina wayo ke nan.

Huɗu suka tsiro.
Akuyar Gwamma ta tsallake shinge ta cinye ɗaya,
na jefe ta da hoge, ban iya kai ƙara ba.
Ɗaya ta yi rawaya ta mutu ba sallama.
Biyu suka tsaya, suna cika kamar 'yan kokawa.

Ban taɓa renon shuka haka ba.
Tumatir na kuka, barkono na zubar da fure,
ni ina tsugune gaban baƙi biyu.
Kabu-kabu ya wuce a kan hanya, gabana ya faɗi.
Wani ya sa riga mai ruwan ƙasa,
na ga jandarma,
ashe mai sayen salati ne.
Barci kuwa, ita da aka ce tana kawo shi,
tun tana cikin ƙasa ta kwashe nawa.

Sai ƙamshin ya zo.
Da fari kaɗan, in na goga hannu.
Daga baya ya tashi da kansa bayan la'asar,
ya bi kwarin albasa, ya haye shinge,
zaƙi-zaƙi, kamar an yanka mangwaro a ɗaki an rufe ƙofa.

Baba Mati shekara tara ba ya gani.
Kullum nakan zaunar da shi gindin bedi,
yana murza igiya, yana sauraron guga.
Ran nan ya ɗaga hanci, ya daɗe bai ce komai ba.
"Ɗanjimma."
Na ce, "Na'am."
"Mangwaro ya nuna a watan da ba nasa ba?
Ni na haƙa rijiyar nan, ban dasa mangwaro ba.
Kama min sanda."

Taku arba'in ne. Na ji su kamar tafiyar Madarunfa a ƙasa.
Ya shiga cikin ramar yana shafawa,
wannan, wannan, wannan,
kamar mai ƙirga jikoki,
sai hannunsa ya tsaya.
Ya bi yatsun ganyen ɗaya bayan ɗaya,
ya ji danƙo ya kama masa fata.

Ya ce, "Wannan ramar ba ta kwaɗo ba ce."
Shi ke nan. Bai ƙara ba.
Ya nemi in mayar da shi ga igiyarsa.

Da almuru na tumɓuke su.
Saiwar ta riƙe ƙasa fiye da yadda na zata,
sai da na sa ƙafa.
Na tura su ramin da muke ɗiban yashi, na rufe.

Na yi alwala sau biyu.
A sahu, da na ɗaga hannu zan yi kabbara,
mangwaron yana nan a tafina,
kuma Baba yana damana,
yana numfashi a hankali.